A Tsai Da Babur Saboda Laifinsa, Kada A Tsai Da Shi Saboda Rawanin Mai Shi

 

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa kun riga kun san ta, domin da wuya a sami rugar da ba ta taɓa ba. Maganar shingen kan hanya ce, da yadda ake tsai da makiyayi idan ya hau babur. Ƙorafi ya yi yawa a biron ƙungiya har muka ga shirun ya isa haka. Tun da fari muna so a fahimce mu: ba mu ce kada a tsai da babur ba. Ƙasa tana cikin fitina, kuma wanda aka ba kaki aka ce ya tsare hanya, dole ne ya tsare ta. Abin da muke ja da shi shi ne yadda ake zaɓen wanda za a tsayar.

Abin da idonmu ya gani

Da ƙorafin ya ƙi ƙarewa, sai muka ce bari mu je mu gane wa idonmu. Ranar wata kasuwar bisashe muka sami inuwa kusa da wani shinge, muka zauna tun hantsi har bayan azahar. Ɗan kabu-kabu ya zo da goyon mutum biyu, baburinsa ko lamba babu, ya ɗaga hannu ya wuce. Mai jarkokin mai ya zo, an yi raha da shi, ya wuce. Wani mai babbar riga ya zo yana magana da salula, ko kallonsa ba a yi ba. Amma duk wanda ya ɓullo da rawani ko malfa, da sanda ɗaure a gefen babur, tun daga nesa ake ɗaga masa hannu ya sauka.

Cikin waɗanda aka sauke akwai wani saurayi da muka san gidansu. Ya fito da kart dantite, ya fito da takardun babur, babu wadda ta mutu. Maimakon a sallame shi, sai tambaya ta juya: "Kai ɗan Fulani, ina rugarku? Wa ka sani a daji? Buɗe salularka." Da aka laluba aljihunsa aka ga kuɗi, sai aka ce kuɗin fansa ne. Ya ce, "Shef, bijimin babana na sayar yanzun nan, dillalin yana kasuwa." Ba a saurare shi ba. Ya yini zaune a rana har aka kira dillalin ya zo ya yi rantsuwa, sannan aka sake shi. Da ya ƙirga kuɗinsa, wasu jikkuna sun yi ciwon kai, kuma ba a ba shi ko guntuwar takarda ba.

To jama'a, laifin me wannan yaro ya yi? Takardunsa sun cika, bai yi gudu ba, bai ɗauko makami ba. Kamanninsa da harshensa su ne suka zaunar da shi a rana.

Abin da ake ce mana, da amsarmu

Duk sa'ad da muka kai kuka, amsa ɗaya ake ba mu: ai masu kashe mutane a kan babur suke zuwa, kuma da yawansu 'ya'yanku ne, wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ba za mu yi ƙarya mu ce babu 'ya'yan makiyaya cikin ɓarayin daji da masu tayar da ƙayar baya ba. Akwai su, kamar yadda akwai 'ya'yan manoma da 'ya'yan birni. Haka kuma ba mu musanta cewa babur shi ne dokinsu ba. Amma a tambaya, wa suka fi cuta? A ranar 21 ga Maris 2021, mahara a kan babura suka faɗa wa ƙauyuka da sansanonin yankin Tiliya a jihar Tawa, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe, kuma akasarinsu makiyaya ne. Kwana shida kafin nan, a ranar 15 ga Maris, an tare mutanen da ke komawa gida daga kasuwar Banibangu, an kashe 58. A yankin Madarunfa da Gidan Rumji, garken wa ake korawa da dare a shige da shi daji? Wa ake sacewa a ce sai ya sayar da shanu ya fanshi kansa? Mu ne a gaba. Saboda haka babu wanda ya fi mu son a kama ɓarawo, kuma wannan son ne ya sa muke cewa hanyar da ake bi ba ta kama shi.

Kowane makiyayi ya san yadda ake neman saniyar da aka sace. Ana bin sawu, ana duba alamar kunne ko ta wuta, ana tambayar wanda ya ga wucewarta. Ba mu taɓa jin mai hankalin da aka sace masa jar saniya ya shiga kasuwa ya kama kowace jar saniya ba. In ya yi haka zai yini yana faɗa da masu shanun halal, ɓarawon kuwa ya riga ya tsallake iyaka. Ko da a ce kowane ɓarawo yana naɗa rawani, ai wannan bai mai da kowane mai rawani ɓarawo ba. Mu ɗauka, a misali, makiyaya 1000 ne suka bi wata hanya cikin wata guda, kuma akwai mugu guda a cikinsu. In aka sauke su duka, an wulakanta mutum 999, an ɓata kwanakin aiki, kuma mugun nan guda da wuya ya zama yana cikin layin.

Dalili kuwa, ɓarawo ba ya bi ta shinge. Ya san inda shinge yake, yana da masu ba shi labari, dajin kuma a tafin hannunsa yake. In har dole ta sa shi shiga gari, sai ya ajiye rawani ya sa hula da riga mai guga, ya riƙe kuɗin da zai rufe bakin mai tambaya. Wanda ke zuwa shinge da rana tsaka, da sanda a gefe da buhun dusa a baya, shi ne mutumin da ba shi da abin ɓoyewa. An bar jaki ana dukan taiki.

Mun ga gwajin wannan da idonmu a kan ƙasa baki ɗaya. A Fabrairu 2015, bayan harin Boko Haram a Boso da Difa, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur a jihar Difa, aka kwashe shekaru a haka, dubban matasa suka rasa sana'a. A ranar 1 ga Janairu 2020 aka hana babur a jihar Tilaberi. Kwana takwas bayan haka aka kai hari barikin Shinagodar, sojoji 89 suka rasu. A ranar 2 ga Janairu 2021, dokar tana da shekara guda cur tana aiki, mahara suka zo a kan babura masu yawa suka kashe mutum 100 ko fiye a Coma Bangu da Zarumdarai. A Satumba 2021 aka ɗage hanin, ba a jima ba aka maido da shi a wasu yankuna. A ƙetaren iyaka ma, a 2019 sojojin Najeriya sun hana babur a dazuzzukan jihohi bakwai na arewa, a 2021 kuma Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar shanu. Wanda ya bi doka shi ne ya ajiye baburinsa ya koma tafiyar ƙasa. Mai bindiga bai nemi izinin kowa ba. To in hana kowa da kowa bai tare mahara ba, yaya sauke masu rawani kaɗai zai tare su?

Babur a wurinmu kayan aiki ne

Wasu masu kaki suna tambaya da izgili, wai me makiyayi zai yi da babur. Bari mu faɗa musu. Kafin garke ya tashi, sai an tura wanda zai je ya duba ciyawa da ruwa, ya ga ko burtali a buɗe yake ko an nome shi. Tafiyar da raƙumi ke yi kwana biyu, yau babur na yin ta a yini. Da shi muke ɗauko dusa da kanwa da gishiri lokacin rani. Da shi ake kiran malamin dabbobi in ciwo ya faɗa garke. Da shi ake kai mai naƙuda ko wanda maciji ya sara likita. Da shi falke ke zagaya rugage yana ganin bisashe kafin ranar kasuwa.

Duk ranar da aka tsare makiyayi a shinge, kasuwa ta ci ba shi, dillali ya yi asarar la'ada, falke ya loda motar da ba ta cika ba, ma'aikatar magajin gari ta rasa kuɗin tikiti. In aka kwace babur aka kai shi furiyer, inda da can shanunmu kawai ake kaiwa, sai mutum ya sayar da akuya ko tunkiya kafin ya fanso shi. Da yawa sun daina zuwa manyan kasuwanni saboda tsoron hanya, suna sayar da bisa a bakin ruga da arha ga duk wanda ya zo. A irin wannan ciniki na ɓoye ne shanun sata ke samun hanya, domin babu dillalin da zai tsaya shaida, babu tikiti, babu mai tambaya.

Doka tana bayanmu

Abin da muke nema haƙƙi ne da ke rubuce. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne na asali ga makiyaya, kuma wajibi ne hukuma ta kare shi. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, ta hana bambanta mutane saboda ƙabila ko harshe ko launi, ta ba kowa 'yancin zirga-zirga a cikin ƙasarsa, ta kuma ce hukunci yana kan mai laifi shi kaɗai. Ba mu ga inda aka rubuta cewa rawani, ko kitso, ko tsagar fuska, ko rashin iya Faransanci dalili ne na tuhuma ba.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwo namu ne kaɗai, ko kuwa ba shi da magani. Faransa, wadda muka gaji tsarin jandarma daga wurinta, ta sha wannan shari'a a gida. A Nuwamba 2016 babbar kotunta ta sami gwamnati da laifi saboda 'yan sanda sun tsai da wasu matasa baƙar fata da Larabawa suna binciken takardunsu don kamanninsu kawai. A Amurka ma, a 2013, wata kotu ta ce yadda 'yan sandan birnin Niyok ke tsai da mutane suna laluba su ya saɓa wa tsarin mulki. An tsai da mutane sama da sau miliyan 4 tsakanin 2004 da 2012, fiye da kashi 80 cikin 100 baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan 9 cikin kowane 10 an sake su ba a same su da komai ba. Abin da ya sa gaskiya ta fito a can shi ne 'yan sandan suna rubuta kowace tsayarwa, har aka sami abin ƙirgawa. A shingayenmu ba a rubuta komai, shi ya sa in mun yi magana ake ce mana zato ne.

Inda wannan hanya ke ɓullewa

Akwai asarar da ta fi ta kuɗi. Makiyayi shi ne idon daji. Shi ke ganin sawun baƙin babura a bakin tabki, shi ke ganin hayaƙi inda ba kowa. Wannan labari ya fi shinge goma amfani ga mai tsaron ƙasa. To amma yaron da aka zaunar a rana jiya aka kira shi ɓarawo, da wace ƙafa zai taka ya kai labari gobe? Tsoro yake ji kada a ce ta yaya ya sani, a rufe shi. Masu ɗaukar matasa zuwa daji kuma sun san wannan sarai. Abin da suke raɗa wa yaranmu ke nan: ƙasar nan ba ta ɗauke ku 'ya'yanta ba. Kowane wulakanci a shinge yana gaskata musu maganarsu.

Mun kuma san inda ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila ke kaiwa. Muna yara a Oktoba 1991, taron ƙasa yana gudana a Yamai, aka faɗa wa Fulani a Toda cikin jihar Maraɗi saboda rikicin da ya faro daga ɓarnar gona, aka hallaka mutum sama da 100, akasarinsu mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Satumba 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton gano gawarwaki 71 a yankin Inates, na mutanen da aka kama a Maris da Afrilu na wannan shekara, ta ɗora alhakin a kan wasu masu kaki, ko da yake hukumomin tsaro sun musanta. Irin wannan masifa daga ƙaramin abu take farawa, daga ranar da mutane suka saba ganin ana sauke ƙabila ɗaya a hanya, har kowa ya ɗauka ai da dalili.

Abin da muke nema

Muna kira ga gwamnoni, da perefe-perefe, da shugabannin jandarma da na 'yan sanda, cikin girmamawa, su duba waɗannan abubuwa:

1. Doka ɗaya ga kowa a shinge. Ko a tsai da kowane babur, ko a tsai da wanda ke da dalili a fili: rashin lamba, lodin da ya wuce kima, jarkokin mai zuwa daji, makami, tafiya a lokacin da aka hana, ko babur da aka kawo rahoton an sace shi.

2. A gaya wa mutum dalilin tsai da shi, a kuma ajiye littafi a kowane shinge da za a rubuta suna, da lambar babur, da lokaci, da dalili, da yadda aka ƙare. Shugabanni su riƙa duba littafin, su ga su wa ake tsayarwa da abin da aka samu.

3. Kada a karɓi ko dala ba tare da takardar tara mai hatimi ba. In an riƙe babur, a ba mai shi takarda mai ɗauke da lambar jikin babur da wurin da aka kai shi.

4. A sami mai jin Fulatanci ko Buzanci a shingayen hanyoyin kasuwannin bisashe. Sau da yawa rashin jin tambaya ne ake ɗauka taurin kai.

5. A karɓi tikitin kasuwa da shaidar dillali a matsayin hujjar kuɗin da makiyayi ke ɗauke da su.

6. A kawo masu yin takardar haihuwa da kart dantite har kasuwannin bisashe da tarukan makiyaya irin na Ingal. Yaron da aka haifa a daji ba shi ya hana kansa takarda ba, nisa ne ya hana shi.

7. A riƙa zama lokaci zuwa lokaci tsakanin masu tsaro da arɗo-arɗo, da garso, da sarakunan kasuwa, da wakilan ƙungiyoyi, domin a san juna kafin rana ta ɓaci.

Namu gyaran

Laifi tudu ne, ba za mu taka namu mu hango na wani ba. 'Yan'uwa, mu ma da aiki a gabanmu. Wanda ba shi da kart dantite ya nema, ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa. Kada a sayi babur mai arha daga ƙetaren iyaka ba takardar duwan, ba kart giriz, domin ba ka san hannun da ya fito ba. Kada a ba yaro ƙarami babur a tura shi kasuwa. In ka sayar da bisa, riƙe tikitinka da lambar salular dillalinka. In an ɗaga maka hannu, tsaya, kashe babur, sauke rawani daga fuska, yi sallama. Kada ka gudu ko da an saba cutarka, domin gudu harsashi yake jawowa. In an zalunce ka, riƙe ranar, da lokacin, da wurin, da sunan wanda ya gani, ka kawo biron ƙungiya. Da irin wannan shaida ne za mu iya tsayawa gaban manya mu yi magana ba a ce mana zato ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi: kada mu rufa wa mugu asiri don ɗanmu ne ko ɗan dangi. Wanda ya kawo shanun da ba a san asalinsu ba, ko baƙin da ba sa son a gan su da rana, arɗo ya sani, hukuma ta sani. In mun nemi a daina ɗora mana laifin wani, dole ne mu ma mu daina ɗauke wa mai laifi kayansa.

Ga masu kaki kuwa, mun san akwai na kirki da yawa a cikinku, mun san kuna kwana a hanya cikin sanyi da haɗari, kuma mun yi jana'izar 'yan'uwanku tare da ku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku duba takardunmu, ku duba lodinmu, in kun sami laifi ku hukunta mu bisa doka. Amma wanda takardunsa suka cika, ku bar shi ya kai dusarsa gida kafin rana ta faɗi, kamar yadda kuke barin kowane ɗan ƙasa.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya tona asirin masu cutar bayinsa, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.